Malam Dabo, Mai Jin Ciwon Mota da Kunne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Satumba, 2023, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Dabo bakanike a gidansa da ke Kankiya, bayan jinyar mako biyu. Ni Rufa'i na Kusada da kunya nake rubuta wannan, domin akwai haƙƙinsa a wuyana da ban sauke ba.

Malam Dabo, jif uku na hau a rayuwata, duk ƙirar gida ɗaya, uwa da 'ya da jika. Ta farko na saye ta ina malamin gona. Kamar akwati take, ƙarfe zalla, safaya goye a baya, giya ta hannu. Ba kyan gani, amma ita ke ratsa laka zuwa Kaikai da damina. In ta fara tari, sai ka ɗora bakin sukundireba a kan inji, ka kara kunne a ƙotar, ka lumshe ido, ka faɗi inda ciwon yake. Ban taɓa ganin ka kuskure ba.

Ta biyu ta zo da sulɓin jiki, giya mai canja kanta, ga sanyi a ciki, ga ƙarin kujeru a baya daidai lokacin da iyalina suka ƙaru. Na'urar ba inji mai ta canja, kafireto ya tafi, injakta ta zo. Ka yi mata tsiya son ranka, ka ce 'yar hutu ce, sannan ka zauna ka koye ta. Ranar da motar nan ta mutu mana a hanyar garin Boko, matata Hawwa'u na naƙuda a ciki, kai ka zo a babur cikin ruwan sama ka tashe ta.

Ta uku ita ta raba mu. Ba makulli, sai maɓalli. An lulluɓe injin da roba, an ce ƙwaƙwalwa gare ta, kwamfuta kaɗai ke gane ciwonta. Na kawo ta garejinka don nuni kawai. Ka saurara, ka ce famfon ruwanta ya fara kuka, ka miƙa hannu za ka ɗauko sukundireba. A gaban abokan aikinka na ce, “Malam, bar ta. Wannan ta fi ƙarfin kunnenka. A Kano aka sa mata kwamfuta, lafiyarta lau.” Aka yi dariya. Ka goge hannunka ka ce, “To Alhaji, Allah Ya sa alheri.”

Bayan wata guda famfon ya fashe a hanyar Fakuwa, inji ya buga. Girman kai ya sa na ja ta zuwa Kano ta bayan gari don kada ka gani. Shekara huɗu ina wuce ƙofar garejinka gilashi a rufe. Masu sababbin motoci suka bi sahuna, garejin ya bushe. Kullum ina cewa Sallah mai zuwa zan je neman gafara. An yi Sallah takwas ban je ba. Mu ɗin nan dai muka cika ƙofar gidanka ranar jana'iza har aka rasa wurin ajiye mota, muna ta yabon gwanintarka.

Da na shiga yi wa mai ɗakinka Kubura gaisuwa, ta faɗa mini cewa ko kana kwance, in na wuce a titi kakan gane motata, ka ce a yi shiru. Juma'arka ta ƙarshe ka ce mata, “Ki aika wa Alhaji ya duba birkinsa na gaba, yana ɗaukar yara.” Nauyina ta ji, ba ta aiko ba. Na sa an duba. Saura ƙiris birkin ya tsinke.

Ina miƙa ta'aziyya ga Kubura, da 'ya'yanka Zainul Abidin da Nana Aisha, da duk makanikan Kankiya. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Allah Ya jiƙanka, Malam Dabo, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Allah, Ka gafarta masa kurakuransa. Ni da na ci masa fuska na makara, wanda zan roƙa ba ya nan.