Hannun Hagu

Bana, shekarar rikicin tazarce, lakkol, wato makarantarmu, a rufe saboda yajin aiki, Baba ya faɗi da moto, babur ɗinsa, a hanyar dawowa daga garkarsa ta noman rani a Jiratawa. Kansa ya bugu. Aka sallamo shi daga asibiti zuwa gida, Sabon Gari, hannun dama a mace, harshe ya yi nauyi. In yana son abu ko ya ƙi shi, da hannun hagu yake buga tabarma.

Wata safiya na ji a rediyo cewa likitocin waje suna gwada wata hanya: a rage wa mai ciwon ƙwaƙwalwa iskar da yake shaƙa na ɗan lokaci, a sake, wai jijiyoyi su farka. Na ji an ce da na'ura ake yi, likita na tsaye. Na ba Inna labari, amma wannan ban faɗa mata ba.

"Ke kika yi boko," in ji ta. "In kin ga zai yi, bismilla."

Bayan azahar, cikin zafin bazara, na lulluɓe kan Baba da bargo biyu, na danne bakin bargon da gwiwa. Na kama hannunsa na hagu ina ƙirga bugun jini da agogo, yadda aka koya mana a aji. Ya fizga. Na ƙara riƙewa, don kar lissafina ya ɓace.

Gwaggona ta Tibiri, da ta zo dubiya, ita ta yaye bargon.

"Ke 'yar nan, kaza kike turarawa?"

Leɓensa ya yi baƙi, idonsa ya juye.

A asibiti ya farfaɗo. Likitan ba Bahaushe ba ne; da ya ji zancen bargo, Inna ya duba, da tsohon zanenta. Ni ya ce in fassara. Ya yi faɗa da Faransanci, ni kuwa na juya shi kalma kalma: cewa jahilcin tsofaffin mata ne ke kashe mutane, cewa ta gode Allah tana da ɗiya mai ilimi, ta riƙa tambayarta. Da bakina na faɗa mata haka. Tsoro nake ji kar ya tambayi wa ya riƙe bargon.

Inna ta ce, "To, ki ce masa na ji."

Muka ɗauko Baba a taksi. Sai da muka kai tasha Inna ta ce, a hankali, "Rediyon nan, bargo ya ce?"

Na ce a'a. Ta gyara wa Baba hula.

Yau wata huɗu ke nan. Har yanzu in na ji warin bargo sai in fita waje. Baba na samun sauƙi, yana kiran Inna da suna. Ni ke kai masa fura kullum, kuma yana sha. Amma da ya ji takuna, sai ya ja hannun hagun ya sa ƙarƙashin cinyarsa.