Baba, Wanda Ya Zauna a Bakin Ƙofa Ranar Boren Majinyata

Kullum da safe, kafin ya taɓa tiren magani, sai ya bi gado-gado yana gaisuwa. Wanda ya amsa, su taɓa hira. Wanda ya juya masa ƙeya kuwa, sai ya ce, "To, na ajiye maka gaisuwar a nan, in ka tashi ka ɗauka." Ma'aikacin jinya ne a ɓangaren maza na wani asibitin masu taɓin hankali, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Majinyata da ma'aikata duk Baba suke ce masa.

Har yau ana labarin ranar boren. Wani majinyaci ne ya tsallake katanga, sai hukumar asibitin ta sa aka rufe ƙofar tsakar gida inda suke shan iska. Da aka kwana biyu haka, majinyatan suka ƙi abinci, suka ƙi magani, suka jawo gadaje suka tokare ƙofar ɗakinsu. Jagoransu wani tela ne da bai cika magana ba. Masu gadi suka zo za su ɓalle ƙofa. Baba ya roƙi likita a ɗan dakata, don ya san in aka shiga da ƙarfi sai an ji wa wani ciwo. Ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofar.

"Tela, ni ne. Me ya yi zafi?"

"Tafi can. Kai ma halinka ɗaya da tsohona, kulle kawai kuka sani."

Maganar ta soki Baba, amma bai kare kansa ba. Cewa ya yi, "Ban san tsohonka ba. Ba ni labarinsa."

Can tela ya fara magana ta bayan ƙofa: yadda mahaifinsa ya kulle shi a ɗaki da ciwon ya fara, don kada maƙwabta su gani, ana miƙa masa abinci ta taga. Baba ya faɗa wa likita, ita kuma ta ce abu ne sananne a aikinsu, majinyaci yakan ɗora wa mai kula da shi fuskar wanda ya taɓa cutar da shi. Tare suka je suka shawo kan hukuma. Kafin la'asar an buɗe tsakar gida, majinyatan da kansu suka mayar da gadaje. Daga nan aka soma zaman mako-mako, kowa ya amayar da abin da ke cinsa.

Baba, kai ne ka ji kuka a cikin zagi. Kai ne ka sha tofin yawu, aka yage maka riga, washegari ka dawo da fara'arka.

Tela ya samu sauƙi, yana shagonsa yanzu. Shi ya ɗinka rigar da Baba zai sa ranar sallama, hannun ya ɗan yi tsawo. Matar Baba ta ce a kai a rage, Baba ya ce ko zare ba za a taɓa ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku kuma da kuke karɓar aikin, in majinyaci ya ture hannunku, kada ku yi saurin kiran masu gadi. Ku nemi wuri ku zauna, ku tambaye shi wa ya ɓata masa rai.