Mai Famfo Ya Sayi Jif

Tun yana saurayi sana'a ta haɗiye masa suna, kowa Mai Famfo yake ce masa. Wurin wani kawunsa ya koyi aikin: a zaro bututun rijiyar burtsatse ɗaya bayan ɗaya, a sake robar da ta cinye, a mayar, a yi ta buga hannun famfo har ruwa ya fito. Yawancin aikinsa a ƙauyuka yake, inda hanya kan ƙare ba sallama. Da ya yi aure ya ɗan sami abin hannu, bai sayi fili kamar tsararrakinsa ba. Wata tsohuwar a-kori-kura ya saya, fara, wadda sai an ɗaga ƙofar direba sannan ta rufu.

Don bututu ya saye ta, amma ba bututu ta fi ɗauka ba. Mai tashi daga gidan haya, wurinsa zai zo. Mai son kai raguna kasuwa, wurinsa. Katifa, siminti, firjin da ya daina sanyi, mara lafiyar da ba ya iya zama sai a kwance, duk sun hau bodin nan. Shi kuwa Allah ya yi shi bai iya cewa a'a ba. Zai ɓata rai, ya yi ƙunƙuni, ya ce mai ya yi tsada, sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko makulli. Matarsa takan ce kowa zumuncinsa a ƙafa yake, na mijinta a taya.

A bodin nan 'ya'yansa suka girma, riƙe da ƙarfe suna ihu a hanyar makaranta, har suka watse kowa ya kama gabansa. Motar ta tsufa tare da mai ita. Wata rana bakanike ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu, ya ce, "Mai Famfo, wannan kam sai addu'a." Lokacin shi ma bayansa ya fara yi masa gargaɗi, don jiki magayi ne.

Babban ɗansa, wanda ke aiki a wani gari, ya zo ya ce zai saya masa wata. Kafin su fita zuwa wurin dillali, matar Mai Famfo ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, in ka dawo da mai buɗaɗɗen baya, unguwa ka sayo wa mota. Hutun jaki da kaya a ka ya isa haka."

A filin dillali motoci biyu ne suka dace da aljihun ɗan: a-kori-kura mai ruwan toka, da wata jif baƙa mai manyan tayoyi. Dillali ya yabi wannan, ya juya ya yabi waccan da kalmomi iri ɗaya. Ta fuskar aiki ba wadda ta kayar da 'yar'uwarta. A-kori-kura ta fi ɗaukar kaya. Jif ta fi ratsa laka da yashi, bututu kuma ana iya ɗaure shi a samanta.

"Baba, wadda ranka ya kwanta da ita," in ji ɗan.

Mai Famfo ya dafa bodin a-kori-kurar ya leƙa ciki. Wayam yake, amma shi ya riga ya ga katifun da za su cika shi. Ya gaji, gajiya ta gaske. Bai koyi cewa a'a ba har ya yi furfura, yanzu kuwa ga motar da za ta faɗa a madadinsa. Ya nuna jif.

Ta kuwa yi aikinta. Masu zuwa neman alfarma na farko suka leƙa ta gilashi, suka ga kujeru masu laushi har baya, suka yi masa Allah ya sa alheri suka juya. Ba wanda zai ce a ɗora masa akuya a kan irin wannan kujera. Mai Famfo ya fara barcin rana, ya yi 'yar ƙiba, bayansa ya lafa. In zai fita aiki ya ɗage gilashi, mutane su ɗaga masa hannu daga nesa, ya danna musu oda.

Sannu a hankali labarin unguwa ya fara iso masa a makare, ta bakin matarsa. An kwantar da wane a asibiti har an sallamo shi. Wance ta sayar da injin niƙanta. Da can shi ne farkon sani, ba don yana bin diddigi ba, sai don duk abin da ya sami mutum, akwai kayan da za a ɗauka. Yakan zauna kan benci a ƙofar gida da yamma, yana duban kowa da ya doso, mutumin ya gaishe shi da ladabi ya wuce. Kewa ta kama shi, bai gaya wa kowa ba, don ya san abin da matarsa za ta ce: sabo turken wawa.

A ƙarshen layinsu akwai Tela, abokinsa na shekara da shekaru. Shi ne ma ya kawo Tela gidan hayar da yake ciki, da amaryarsa da keken ɗinkinsa, tun suna da ƙuruciya. Wata safiya Mai Famfo ya fito zai tafi aiki, sai ya hango wata baƙuwar a-kori-kura a ƙofar Tela, an riga an ɗora gado da kujeru da buhunan yadi. Ya taka da sauri.

"Tela, lafiya? Ina zuwa haka?"

"Mai gida ne ya sayar da gidan. Tun watan jiya muke ta haɗa kaya."

"Tun watan jiya? Shi ne ba ka gaya mini ba?"

Tela ya yi dariya, ba da wata manufa ba. "To me zan ce maka, Mai Famfo? Ka samu ka huta, sai in zo in tayar maka da ciwon baya?"

Aka fito da keken ɗinki. Mai Famfo ya kai hannu zai kama ƙafa ɗaya, direban motar ya ce, "Baba, ɗan matsa gefe kada ka ji ciwo." Ya matsa. Da aka gama ɗauri ya ce wa Tela ya zo da iyalinsa su shiga jif ya kai su, akwai wuri.

"Iyali sun yi gaba tun ɗazu. Ni kuma a baya zan zauna in riƙe keken, hanyar ba kyau. Sai mun zo gaisuwa."

Tela ya hau bodi ya rungume kan kekensa, motar ta tashi. Mai Famfo ya tsaya yana ɗaga hannu har ta sha kwana. A nan ya tuna bai tambayi inda suka koma ba. Bai saba tambaya ba, shi ke kaiwa.