Maciji a Tsohon Rumbu

Zan fara da neman afuwa: ina ƙarami lokacin da wannan abu ya faru, kuma mai yiwuwa na haɗa yamma biyu ko uku na mayar da su guda. Abin da nake da tabbaci a kai kaɗan ne.

Muna zaune a gidan haya a Agege, kusa da layin dogo. Kakarmu Saratu ta zo daga Kudancin Kaduna jinyar ƙafa, sai ta zauna. Ba ta yarda da risho ba, gawayi take hurawa a bakin ƙofa. Idan an ɗauke wuta, da an idar da sallar magariba a masallacin makwabta, mukan zagaye ta muna gasa masara, motocin haya na danfo na ta hon a bakin titi, ita kuma tana ba mu tatsuniya.

A makon da abin ya faru ne dattawan ikilisiyarmu suka sa yayana Bitrus a horo. Shi ne makaɗin ƙungiyar mawaƙa, ya sha giya a wani biki ya mari wani dattijo. An sanar a gaban jama'a: zai koma bencin baya, ba kiɗa, ba cin Jibin Ubangiji tare da sauran masu bi, sai ranar da aka ga tubarsa. Ni a hankalina na yaro, Allah ne da kansa ya kore shi. Har tsoron taɓa kofinsa nake yi.

Ran nan ya zauna nesa da wutar, ya jingina da bango.

"Bitrus, matso mana," in ji Kaka. "Ko nan ma bencin baya aka ba ka?"

Ba wanda ya yi dariya. Ba ta ma jira mun amsa mata buɗin tatsuniya ba, ta shiga.

Wai wani manomi yana da 'ya'ya biyu, ya hana su shiga tsohon rumbu. Suka shiga, maciji ya sare su duka. Ƙaramin ya ruga wurin uban yana kuka. Uban ya danne shi da gwiwa, ya ɗaure ƙafar, ya tsaga wurin da wuƙa, ya ɗora masa ƙarfe mai zafi. Yaron yana ihu yana cewa babansa zai kashe shi. Babban yana bayan danga yana jin ihun, sai ya ce a ransa, wanda ya kai kansa ma ga abin da aka yi masa. Ya rufe ƙafarsa da zane, ya shige cikin gonar dawa ya kwanta.

Nan Kaka ta rage murya. Ta ce ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, harshensa ya yi nauyi. Uban ya fito da fitila yana kiran sunansa layi-layi, har ya wuce ta gefensa. Yaron yana ji, ya toshe bakinsa da hannu.

"Kaka, ya mutu?" in ji ƙanwata Rahila.

"Ke dai ci masararki. Wuƙar uba da haƙorin maciji duk jini suke fitarwa, 'yar nan. Sai dai ɗaya ne kawai ke neman ranki."

Daga nan tunanina ya rabu biyu. Wani lokaci ina tuna ta ce an tsinci gawar yaron da asuba. Wani lokaci kuma ina jin kamar ta ce ya yi tari, uban ya ji, ya ɗauko shi a kafaɗa. Na yi makonni ina mafarkin wannan fitila tana wuce ni.

Ranar Lahadi bencin baya ya kasance babu kowa. Bitrus ya tafi Ikorodu ya kama sana'ar okada, wato haya da babur, kuma iyakar sanina bai sake shiga majami'a ba. Na yi jami'a, na karanta inda aka ce Ubangiji yana horon wanda yake ƙauna, kuma ina ganin abin da Kaka ke nufi ke nan: gafarar tana nan tun kafin wuƙar, ita ce ma ta sa uban ya fito nema. Amma ban sani ba ko haka Bitrus ya ji shi. Ina tsoron ihun ƙaramin kaɗai ya ji.

Kaka ta rasu. Bitrus yanzu yana kwance, ciwon hanta, likita bai ba mu ƙwarin gwiwa ba. Da na kira shi a waya, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ɗan'uwa, yaron nan na cikin dawa, an same shi da rai?"

Na ce zan bincika. Na kasa ba shi ƙarshen da ban tabbatar ba, ko da shi ne nake so.

Rahila ta ce barci ya ɗauke ta kafin a gama. Don haka ina roƙon duk wanda ya zauna a bakin wutar nan, 'ya'yan kawunmu da yaran makwabta da ke zuwa cin masara, in na yi kuskure a gyara mini, musamman ƙarshen. Ranar Asabar zan je Ikorodu, kuma zai sake tambayata.