Lahiya Lau ta Jelani

Mode mai gyaran rediyo a Ƙofar Kware mutum ne mai zargi. Ko fura ka ba shi sai ya leƙa ƙwaryar. In ka yaba aikinsa, ya tambaye ka me kake nema. Abu biyu kawai ya yarda da su a duniya: kunnensa, da Jelani, amininsa tun suna yara.

Su kaɗan ne a Sakkwato masu sha'awar rediyon oba-oba. Sun kafa rifita a kan wani bene a Minanata, wato na'urar da ke karɓar maganar mutum ta cilla wa sauran, Mode kuma ke kula da ita. Kullum bayan la'asar sai kowa ya hau rediyonsa daga gida a gaisa.

Wata rana muryar Jelani ta fito a murɗe, kamar mai magana da tuwo a baki.

"Jelani, lahiya dai?" in ji Mode.

"Lahiya lau."

Mode ya fara da zargin tattabarun mai benen. Ya hau ya share kashinsu, ya sake waya, ya auna batir, ya bi sassan karɓar murya ɗaya bayan ɗaya. Bai ga komai ba. Muryar kowa na fita tas, ta Jelani kaɗai ke murɗewa, kullum kuma amsarsa lahiya lau.

To fa, nan zuciya ta fara saƙa. Rediyon Jelani shi Mode ya haɗa ta da hannunsa. In ta lalace, wani ya buɗe ta ke nan. Wato Jelani ya kai ta wurin wani mai gyara, ya kuma ɓoye masa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya daina amsa gaisuwar Jelani. Amma zargi ba hujja ba ne, Mode kuwa yana da hujjarsa: duk rediyon da ya ɗaure, yakan ɗiga jan fenti a kan kusoshinta.

Ya ɗauki sukundireba ya nufi gidan Jelani a Hubbare. Iyatu, matar Jelani, ta yi masa iso. Ɗakin da duhu-duhu, Jelani na kishingiɗe, ya ja mayafi har haɓa. Mode ya yi sallama a daƙile, ya wuce kai tsaye ga rediyo, ya kai ta bakin taga. Fenti na nan yadda ya ɗiga shi, ko ƙwarzane babu.

Sai a lokacin ya waiwaya. Mayafin ya zame. Bakin Jelani ya karkace gefe guda, hannun dama na kwance kamar ba nasa ba.

Kunya ta rufe Mode.

"Mi as sa ba ka hwaɗi ba? Kullum ina tambayakka, kana cewa lahiya lau."

"Mode," in ji Jelani, harshen na ja da ƙyar, "wa ka cewa ba lahiya gaban jama'a? Kai ad da kunne. Na ɗauka ka ji."