Ranar Neman Yafiya a Ajinmu

A makarantarmu ta 'yan mata da ke Tarauni, akwai abin da duk ajin da zai fita yake yi ranar da aka ajiye biron jarrabawar ƙarshe. Za a shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar da ke bayan ofishin malamai, kowa ta faɗi abin da ba za ta manta ba tun shigowarta, a yi dariya, masu saurin kuka su yi kukansu, sannan a tashi a bi juna ana neman yafiya. Ki ce, "Ki yafe ni," a ce miki, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Shi ke nan fa. Ba mai tsayawa tambayar me aka yi mata, kamar gaisuwa abin yake. Har monitarmu, Kirista 'yar Filato, ta iya shi tsaf, ita ce ma ta fi kowa jan "baki ɗaya" ɗin.

Ranar tamu an sha labari. An tuno lokacin da muka tsallake katanga don sayen awara, mai gadi ya zauna a ɗaya ɓangaren yana jiranmu da sandarsa. An tuno ruwan saman da ya cika titi har muka taka zuwa Gyadi-Gyadi da takalma a hannu, hijabai sun manne mana a jiki. Ni kuwa na ba da labarin malamar lissafi da ta kore ni waje saboda hamma, wallahi har yau ban ga laifina ba.

Sai aka fara kiran ƙawata. Benci ɗaya muke zama, layinmu ɗaya a Gyadi-Gyadi, adaidaita ɗaya muke hawa. Yarinya ce mai shegen kwaikwayo, in ta yi miki muryar shugabar makaranta sai kin gyara zama. "Yi mana aljanun asambuli!" aka ɗauka da ihu. "Na ƙarshe! Don Allah na ƙarshe!"

Asalin abin shi ne, muna aji biyu wata 'yar ajinmu ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar asambuli. Jikinta ya sandare, ya kama karkarwa, idanu suka juye. Wata ta ƙwalla ihu, "Aljanu!" Kafin ki ce me, fili ya watse, har da masu barin takalmi. Malamin addini ya zo ya yi ta tofi, daga baya mahaifiyarta, wadda nas ce a asibitin koyarwa, ta zo ta ɗauke ta. Tun daga ranar ƙawata ta samu abin yi. Ta iya faɗuwar, ta iya juya idon, ta ƙara da wata murya ta aljani mai neman a ba shi gurasa. Ita kuwa mai abin, shiru-shiru ce, in ana yi sai ta sunkuyar da kai tana ɗan murmushi. Mu dai mun ɗauka ita ma abin yana ba ta dariya.

Ƙawata ta gyara ɗaurin zani ta zube a tabarma. Ranar kam ta ƙure kanta, har da birgima. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Da aka natsa aka tashi neman yafiya. Ana ta rungume-rungume, ana goge majina da gefen hijabi. Ina tsaye kusa lokacin da ƙawata ta isa gaban yarinyar da ta faɗi a asambuli, ko numfashinta bai gama daidaita ba, ta buɗe hannu ta ce, "'Yar'uwa, ki yafe ni."

"Ban yafe ba."

Na rantse da Allah na ɗauka kunnena ne. Ƙawata ta yi dariya ta ce, "Ke dalla, bar wasa."

"Ba wasa nake ba. Ban yafe ba."

Innalillahi! Mu ba mu taɓa jin an faɗi wannan magana a gindin bishiyar nan ba, ba ma mu san ana iya faɗinta ba. A wajenmu haƙƙin mutum ba abin wasa ba ne, kuma kowa ta san iyayen yarinyar za su bar Kano da zarar an gama, an yi wa mahaifiyarta canjin wajen aiki. In ba a yafe yau ba, yaushe?

Wata daga baya ta ce, "Haba, ki ji tsoron Allah mana!" Yarinyar ko kallonta ba ta yi ba. Ƙawata take kallo, muryarta a kwance.

"Ni ba ni da aljanu. Farfaɗiya ce da ni. Kullum sai na sha magani kafin in fito daga gida. Mamana ce ta ce in bar ku a kan aljanun, wai gara su. Ta ce mai aljanu ana cin abinci da ita, ana kwana ɗaki ɗaya da ita, wata rana ma a aure ta. In kuwa aka ji ɗaya sunan, ko kofina ba mai taɓawa. Shi ya sa duk ranar da kika faɗi ƙasa kina juya ido, sai in yi murmushi, don kada wata ta tsaya tambaya. In na koma gida kuma in shiga banɗaki in yi kukana."

Ban san lokacin da na dafe ƙirji ba. Abin da ya ƙara girgiza ni, ina gani da idona wasu biyu da ke kusa da ita suka ɗan ja da baya. Kaɗan ne, amma ta gani. Mu duka mun taso da jin cewa yawun mai farfaɗiya in ya taɓa ki kin ɗauka. Mun yi darasin lafiya, mun rubuta a jarrabawa cewa ba a ɗauka, mun ci makinmu, amma abin da aka faɗa mana a gida yana nan daram.

Ƙawata ta durƙusa har ƙasa. Ban taɓa ganin ta yi kuka irin na ranar ba. "Wallahi ban sani ba. Don girman Allah ki yafe mini. Duk abin da kika ce zan yi."

"Duk abin da na ce?"

"Wallahi."

Akwai gorar zoɓo a hannun yarinyar, ta sha rabi. Ta kai baki ta ƙara kurɓa a gabanmu, sannan ta miƙa mata.

"Shanye. In kin sha na yafe."

Ƙawata ta karɓa da hannu biyu. Ta kalli bakin gorar. Ta ɗaga ta zuwa haɓa, ta tsaya. A raina ina ta cewa, sha mana, ke dai sha! Na ji kamar in mangare ta. Ta sake ɗagawa, leɓenta ya kusa taɓawa, sai ta runtse ido ta kawar da kai.

Yarinyar ta jira. Ta ba ta lokaci sosai, ba wanda zai ce ta yi mata gaggawa. Ta kalli sauranmu ɗaya bayan ɗaya, ko akwai mai miƙo hannu. Kowa ta samu abin kallo a tabarma.

Ta sunkuya ta zare gorar daga hannun ƙawata a hankali, ta rufe ta da murfi, ta saka a jaka.

"Ashe Mama ta fi ni sanin ku," ta ce. Ta saka takalmanta ta nufi bakin get ita kaɗai.