Kunnen Yaya da Farantan Tangaran

Ni dai ban taɓa ganin injin nan da idona ba, amma na san shi kamar a tsakar gidanmu yake, don Yayana ba ya gajiya da labarinsa. A Kano yake aiki, a wani kamfanin tangaran, a shekarun nan da kuɗin fetur ya sa kowa ya fara raina ƙwarya da akushi. Aikinsa goge gindin faranti. In faranti ya fito daga wuta, gindinsa kaushi gare shi kamar faso, sai Yaya ya ɗora shi kan wani dutse mai juyawa da lantarki, ruwa na zuba, har ya yi sumul. Amma kafin ya ɗora sai ya ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe ya saurara. Mai lafiya zai yi ƙara siririya mai tsawo. Mai tsaga kuwa, ko ido bai gan ta ba, sai ya yi tak ya yi shiru. Irin wannan in ya hau dutse tarwatsewa yake yi.

Mu kuma a Jibiya, ni da Innarmu, tangaran ɗin muke saro wa matan Maraɗi masu haɗa kayan jeren amare. Inna ce mai haƙuri, ni ce mai baki. In Yaya ya zo hutu sai in yi ta fankama a bakin iyaka, ina cewa ga wanda ya goge su da hannunsa, kowa ya shafa ya ji. Kuma wallahi ba cika baki ba ne, farantinsa ko kan gilashi ka ja shi ba zai bar zane ba.

Bayan wata Babbar Sallah muna Magama, bakin iyaka, da hantsi, ana sauke akwatuna daga motar Kano zuwa kamyo, wato babbar motar mutanen Nijar. Wata Hajiya 'yar Maraɗi ta kafe wai hanya ta jijjiga kaya, ba za ta ɗauka ba sai an gwada ɗaya bayan ɗaya. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ga mai abin a tsaye. Yaya ya ari cokali wurin mai shayi, ya zauna kan akwati, ya shiga ƙwanƙwasawa. Masu lafiya dama, matattu hagu. Mutane har sun fara taruwa kallo, ni kuwa sai hura hanci nake.

Can wani faranti ya yi tak. Na ji, Inna ta ji, Hajiya ta ji. Yaya ya ajiye shi dama.

Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauko shi. Ni kuma na hau ta da faɗa, na ce ƙarar motoci ce da hayaniyar 'yan kamasho, wa zai ji wani abu a wannan kasuwar? Yaya bai kula ni ba. Fuskokinmu ya bi da kallo, sannan ya karɓi farantin ya kai shi dab da kunne, ya buga, ya sake bugawa. Ya danna tsakiyarsa da manyan yatsunsa, sai ga shi ya rabe biyu. Ya miƙo mini cokalin, ni na ƙarasa sauran.

A gida ya gaya mana tun damina yake jin wani abu kamar kukan gyare a kunnensa, ƙarar inji ce ke cinsa, amma bai san abin ya kai haka ba, kuma in ya koma zai faɗa musu a kamfani. Na ce to sai me? Gara ya ja bakinsa kada ya faɗa wa kowa, ido ma ai ya isa. Ga mata da goyo, ga aikin da mutane ke kwana layi suna nema, wa ya aike shi tonon silili?

Ya ce, “Ke ƙanwata, farantin da ya fashe kan dutse ba ni kaɗai zai yanka ba. Akwai mutum a damana, akwai a haguna, kuma da kunnena suka dogara.”

Abin da ya yi ke nan da ya koma. Shi da ƙafarsa ya je ya faɗa wa shugaban sashensu, aka ɗauke shi daga injin da yake ji da shi, aka mai da shi wurin cusa ciyawa cikin akwatuna. Har gobe da ni ce da na ɓoye, shi ya sa nake ganin girmansa fiye da na duk wani namiji da na sani.

Ranar da zai koma ɗin ina cike da haushi, ko rakiya na ƙi yi masa. Sai da ya fita na kasa daurewa, na figi mayafi na bi shi. Na hango shi gaba kaɗan da jakarsa a kafaɗa, hanya shiru, ba mota ba kowa. Na ɗaga murya na ce, “Yaya, Allah ya kiyaye hanya!” Na sake faɗa da ƙarfi. Bai waiwayo ba.